Baƙuwar Lamba

Mu'awiya mutum ne mai son doka, musamman wadda shi ya kafa. Ya yi difloma a harkar mulki, aiki bai samu ba, ya koma yawon kasuwanni da takalman roba daga Ƙaura Namoda. Sai duk ilimin mulkin ya ƙare a kan mahaifiyarsa, Inna Asibi. Ranar da ya saya mata waya, zaunar da ita ya yi a tabarma, ya yi mata bita kamar mai horar da sababbin ma'aikata.

Tsarin mai sauƙi ne. Duk kasuwar da ya je, da ya sauka daga mota lafiya zai yi mata filashin, ba sai ta ɗauka ba. Ya sa wa lambarsa carar zakara, don Inna ba ta karatun boko, amma zakara kam ta san shi. Sannan ya kawo dokar da ya fi ji da ita.

"Inna, baƙuwar lamba kada ki taɓa ɗauka. Mutanen daji in sun ɗauki mutum da ita suke kiran gida, su da 'yan damfara masu kwaikwayonsu. Da kin yi sallama sun gane tsohuwa ce, sun samu wurin zama. Ko wa ya ce ki ɗauka, kada ki ɗauka."

Maganin hawan jininta Inna takan manta da shi. Wannan doka kuwa ta riƙe ta kamar karatun sallah.

Ranar wata kasuwar Shinkafi, Mu'awiya ya sauka a tasha ya zaro waya, ya tarar ta mutu, don an kwana biyu ba wuta a unguwarsu. Ya miƙa ta ga Jafaru mai caji, wanda ke da kwantenar ƙarfe a bakin kasuwa, da niyyar in ta ɗan sha wuta ya dawo ya yi wa Inna filashin ɗinta. Ya baza takalma. Ciniki ya buɗe, irin buɗewar da ba ta zuwa sai ranar da mutum ke da wani abin yi.

Kafin azahar labari ya shigo: an tare hanyar Ƙaura, an kwashi mutanen wasu motocin safe. Wani ya ce sun nufo gari. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya gani. Kasuwa ta watse, masu tumatir suka bi ta kan tumatir, Jafaru ya danna wa kwantenarsa kwaɗo ya haye babur ya nufi ƙauyensu da mabuɗin a aljihu.

Da ƙura ta lafa, ba a ga kowa ya nufo gari ba, Mu'awiya ya zo ya tsaya gaban kwantenar. A ciki wayoyin jama'a suna ta kuka, kowace da irin muryarta, kamar an rufe awaki a ɗaki. Ya kara kunne a jikin ƙarfen mai zafi, ya tsinci tasa a cikinsu, tana kuka da sautin da ya ware wa lambar Inna. Inna ba ta taɓa kiransa ba, tana cewa kati ba ruwan rijiya ba ne. Yau ga ta tana kira, ta katse, ta sake kira. Labarin ya isa Ƙaura ke nan, kuma zakara bai yi cara ba tun safe.

Ya ɗauki dutse zai fasa kwaɗon, masu gadin kasuwa suka riƙe masa hannu. Ranar da aka watse, in ji su, ba a taɓa shagon kowa, ko da uwar mutum ce a ciki.

Alhaji Sirajo dillalin shanu, abokin marigayi mahaifinsa, shi ya ja shi gefe ya miƙa masa waya.

"Ungo, kira ta."

Mu'awiya ya riƙe wayar, ya tsaya yana kallon madannanta.

"Mi kake jira?"

"Baba Alhaji, ban riƙe lambar ba. Tana cikin waya."

"Lambar uwarka? Kai, ɗan boko! Ni da ban shiga aji ba na san ta mai yi mini aski."

A wayar Alhaji aka samu lambar Kamilu, mijin ƙanwarsa Sa'ida da ke aure a Zurmi. Sa'ida ta yi kuka, ta yi hamdala, ta karanto masa lambar Inna. Ya kira. Ta yi ta ringin har ta tsinke. Ya sake, haka. Ya ari wayar mai shayi, ya ari ta wani mai buhunan gero, wai ko wata za ta fi wata sa'a. Sai da ya gama zagaye rumfar kaf sannan abin da yake aikatawa ya faɗo masa: tsohuwa tana zaune a Ƙaura, ɗanta bai yi filashin ba, an ce an kwashi mutane, ga baƙin lambobi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Da mutanen dajin ne da kansu, ba za su tsara abin ya fi haka kyau ba.

Ya sake kiran Sa'ida. "Ke kira ta, taki ta sani. Ki ce lafiyata lau, ki ce ta ɗauki lambar Alhaji."

Ba a jima ba Sa'ida ta dawo masa, muryarta a sanyaye.

"Yaya, ta ƙi yarda. Na rantse mata da Allah. Ta ce haka muka ce mata ranar da Baba ya rasu, wai jikin ne ya ɗan motsa, ta zo asibiti ta gan shi."

"To ki ce ta ɗauka ta ji muryata mana!"

"Na ce. Ta ce kai da bakinka ka ce ko wa ya ce ta ɗauka kada ta ɗauka. Ta ce in kana lafiya, zakara ya yi cara."

Alhaji Sirajo, da ke jin komai, ya gyara hula. "Ka koyar da ɗaliba ta fi malam," ya ce, amma bai yi dariya ba.

Suka aika a nemo Jafaru. Aka ce ƙauyensu ba sabis, kuma ba ɗan kabu-kabun da zai shiga wannan lungu yau. Mu'awiya ya koma tasha neman motar Ƙaura. Direbobi sun jingine motoci a inuwa suna cin rake. Suka saurare shi da tausayi, suka yi masa addu'a, ba wanda ya taɓa mabuɗi.

Bayan la'asar Sa'ida ta sake kira. Wannan karon ba ta yi sallama ba.

"Yaya, Tani maƙwabciya ce ta ɗauki wayar Inna. Ta ce Inna ta tura wayar ƙarƙashin filo ta ɗauki mayafi ta tafi tasha. Wai ba za ta zauna wagga aba tana mata kuka ba, za ta zo Shinkafi ta tambaya da bakinta."

"Wace mota? Ba mota!"

"Armiya'u ya yi lodi."

Kowace tasha tana da direba guda wanda ke ganin ranar da aka tare hanya ita ce ranar da hanya ta fi lafiya, tunda masu tarewar sun riga sun samu na yau. A Ƙaura, Armiya'u ne. Alhaji ya nemo lambarsa a wurin direbobin, aka kira, wata mata mai ladabi ta sanar da su cewa ba a samun mai wannan lamba a halin yanzu. Direbobin suka ce ai daidai ne, in an wuce wani wuri sabis yakan ɗauke, sai an kusa gari yake dawowa. Wurin da yake ɗaukewar, kowa ya san wane wuri ne, ba wanda ya faɗa.

Mu'awiya ya taka har ƙarshen gari, inda kwalta ke miƙewa kudu tsakanin gonakin dawa. Alhaji ya biyo shi da buta. Hanyar fayau, ko akuya ba ta tsallakawa. Can wani abu ya taso da ƙura, ya matso, ya zama amalanken shanu.

Aka kira magariba. Alhaji ya shimfiɗa rawaninsa a gefen kwalta ya ce su yi a nan. Mu'awiya ya yi alwala ya tsaya a damansa, ya ɗaga hannu ya yi kabbara. Alƙibla tana gabas, hanyar Ƙaura tana kudu, kuma har aka kai ruku'u wuyansa bai gama yanke shawarar wadda zai fuskanta ba.