Ɗakin da Ba a Kwana a Ciki

Shekara biyu ina bin takardar shaidar inganci ta asibitina na dabbobi a Malanville, har na gaji da jin sunanta. In babu ita, kamfanin magani ba zai ƙara ba ni allurar haukan kare ba, kuma ni kaɗai ke yin ta a unguwarmu. Sharuɗɗa talatin da ɗaya aka aiko mini. Na sa tayil, na sayi teburin ƙarfe, na haɗa firiji da sola. Saura guda: ɗakin keɓe dabba mai cuta, wanda dole ya zauna wayam sai buƙata ta taso.

To ɗakin akwai shi, amma Jatau ke kwana a ciki. Jatau jan kare ne na wani direban babbar mota, Kadiri. Lokacin da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Gaya, ya kawo shi da ciwon kunne, ya ce zai haye Gaya a kwalekwale ya dawo jibi. Har yau jibin ba ta zo ba. Na yi cigiyar mai so har bakina ya yi tsami. Kowa sai ya ce, "Dakta Rahamatu, kare cikin gidan da aka salla?" Alhali su ne masu kawo mini kyanwarsu in ta yi atishawa sau biyu.

Da aka sa ranar zuwan masu duba asibiti, na kira Hammanjoda, makiyayi daga Madécali da nake yi wa shanunsa allura, na roƙe shi ya tafi da Jatau. Ya daɗe yana kallon karen.

"Dakta, wanga karen birni na. Bai san saniya ba, bai san yunwa ba."

"Shi koya, Baffa. Ni dai na gaji."

Aka ɗaure shi cikin kwando a bayan babur. Ban tsaya kallo ba. Na shiga na wanke ɗakin sau uku, ina wanki ina jin haushin kaina.

Bayan kwana shida masu duban suka iso, mace da namiji, da takardu a hannu. Muna tsaye gaban firiji sai na ji ƙarar farce a kan tayil. Jatau ne. Ya rame, tafin ƙafafunsa sun tsage, ga wani rauni a wuya, kamar cizo. Ya wuce mu ko kallo babu, ya je ƙofar ɗakin ya kwanta.

Matar, Madam Husna, ta ce, "Na wa ne?"

Ƙarya ta zo mini har baki, amma ƙarfin yin ta ya ƙare. Na gaya mata komai.

Ta duƙa ta dubi wuyan. "Kin san abin da ya cije shi?"

"Ban sani ba."

"To sharaɗi na sha tara. Cizon da ba a san tushenai ba, a keɓe dabba a sa mata ido kwana goma sha biyar. Buɗe mishi."

Na buɗe. Ya shiga da ɗingishi, ya zagaya sau biyu inda tabarmarsa take a da, ya kwanta a kan tayil. Namijin ya leƙa, ya yi alama a takardarsa: ɗakin keɓewa yana aiki yadda ya kamata. Nan suka sa hannu, suka ce takardata za ta fito cikin wata.

Na raka su mota. Ban ji daɗin da na yi shekara biyu ina jira ba.

"Madam, in kwana goma sha biyar sunka cika hwa?"

Ta dubi ƙofar asibitin, sannan ta dube ni. Ita ma da ganinta ta gaji.

"Sai ɗakin ya koma wayam, Dakta. Muna dawowa ba tare da mun gaya miki rana ba."