Kifin da Ba Ya Ruɓewa

Hamisu ya durƙusa a bayan rumbu yana goge dutsen da tsumma. Ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Faɗinsa ɗaya da wancan, santsinsa ma ba laifi. A bakin gulbi ya tsinto shi da safe, ya kuma lallashi zuciyarsa cewa tsohuwar da ba ta gani ba za ta bambance ba.

Wancan ɗin, na ainihi, yana cikin jakar Al'amin direba a tasha. Dutsen taimamar Inna Delu ne, mahaifiyar Hamisu. Tun da ciwon gaɓoɓi ya kwantar da ita, ruwa ya zame mata abokin gaba, liman ya ce ta riƙa taimama, a kansa take buga tafukanta. Falalen dutse ne jaja-jaja, a tsakiyarsa kifi kwance, da kai da jela da ƙayoyinsa duka, kamar jiya aka cinye tsokar. Marigayi Isa, baban Hamisu, masunci ne a tafkin Madarumfa. Shekarar da tafki ya janye ya tafi ginar rijiya wajen Agadas, da wannan dutsen ya dawo.

Ranar da Al'amin ya shigo gaida tsohuwa idonsa ya faɗa a kai. Ya ɗauki hotonsa da salula, ya aika wa wani mutum a Yamai mai tara irin waɗannan abubuwa.

"Mutumin nan ya kasa zaune ya kasa tsaye," in ji Al'amin bayan kwana biyu. "Yana da haƙoran kada na zamanin da, yana da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tun ba a yi mutane ba, amma ya ce kifi cikakke irin wanga shi ne mafarkinshi. Injin ban ruwan da kake ta zance, ka ɗauka ya samu."

Hamisu kuwa guga ya gama cinye masa kafaɗu a lambu, albasarsa kullum a baya take. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, to amma mai jan guga a tsakiyar rana ba ya jin karin magana.

Da aka kira azahar ya shiga ɗakin Inna. Matarsa Zahara'u, wadda ta san komai, ta tayar da tsohuwar zaune, ta harare shi, ta fice abinta. Ya ajiye sabon dutsen a kan tabarma.

"Ga shi, Inna."

Ta yi bismilla, ta ɗora tafukanta. Sai ta ɗan dakata. Sannan ta shafa fuska, ta sake bugawa, ta shafa hannuwa, ta yi sallarta a zaune. Hamisu ya sauke ajiyar zuciya.

Bayan ta sallame ta jawo dutsen kan cinyarta. Babban yatsanta ya shiga yawo a kansa, daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo tsakiya, ya sake tafiya. Shekara da shekaru Hamisu yana miƙa mata dutse yana ficewa, bai taɓa tsayawa ya ga abin da take yi bayan salla ba.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Dutse dutse ne, salla ta yi." Ta yi murmushi. "Babanka nake nema mu gaisa, na iske ba shi nan."

Hamisu ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi.

"Shekarar da ya je Agadas kowa ya dawo da tsaraba," ta ce, "wani turmin zane, wani rediyo. Shi sai dutse. Na yi fushi, na ce Isa, abin da za mu ci ke nan? Ya ce, Delu, duk kifin da na taɓa kawo miki kin dafa ya ƙare, ga wanda ba ya ruɓewa. Tun da idona ya tafi na manta kamannin fuskarshi, Hamisu. Amma in na bi ƙayoyin nan da yatsa sai in ji dariyarshi."

Ba ta tambaye shi inda dutsen yake ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Kunya da tausayi suka kama shi. Ya miƙe, ko takalmi bai saka daidai ba.

A tasha ya tarar motar Al'amin ta cika, ana ɗaure buhunan wake a sama.

"Ba ni ajiyata."

"Kai, mi ya faru? Na riga na gaya wa mutumin ina tafe da shi!"

"Ka ba shi haƙuri. Ashe ba nawa ba ne."

"To injin fa?"

"Kafaɗuna ba su karye ba tukuna."

Al'amin ya yi tsaki, ya girgiza kai, amma da ya dubi idon abokinsa sai ya zuge jakar ya miƙa masa dutsen.

Ana kiran la'asar Hamisu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ɗora mata dutsen a cinya. Yatsanta ya tafi kai tsaye kan jelar, ya bi ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya har zuwa kai. Fuskarta ta washe.

"Da ɗuminshi," ta ce. "Ya sha rana. Haka yake dama, in ya fita yawo ba ya wuce la'asar."

"Inna, ki gafarta mini."

Ta laluba ta sami kansa, ta shafa.

"Ina jin ku ran nan da Al'amin, ai kunnena bai makance ba. Ka sayi injinka, ɗana, wahalar lambun ta isa. Ka dai ce wa bawan Allah nan na Yamai ya ƙara haƙuri kaɗan sai bayan raina, ba zai daɗe yana jira ba."

Hamisu ya gyara mata dutsen ya zauna daidai. Wannan karon bai fita ba, ya zauna a bakin tabarma har ta idar da salla.