Marfin Jitar Dogo

"Kada ka sa zarton nan sai na duba," in ji Mai Jita daga kan gado. "Robar da za a yanka marfin guda ɗaya ce, Tela. In ta ɓaci, shi ke nan."

Tela ya ce to. Yana durƙushe a tsakar ɗakin maƙwabcin nasa, jitar ɗansa Dogo, irin mai kaurin sautin nan da ake kira bas, na kwance gabansa, ciki a buɗe, wayoyi a waje kamar hanjin kaza.

Tun da inji ya cinye wa Dogo yatsu biyu a wurin aiki ya daina kaɗa jita, ya koma zama da 'yan shaye-shaye a bayan gareji. Mai Jita ne ya ce zai matso da maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiyar jitar, yadda babban yatsan Dogo zai sami wurin dafawa. Ya fafe sabon gurbi, tsohon marfi ya daina shiga, sai ciwo ya kayar da shi.

Da safen nan Dogo ya ce, "Baba, ku bar wahalar da tsohon nan. Ni na gama da ita." Idonsa jawur. Tela ya roƙe shi ya dawo da yamma ya gani.

"Na yanka riguna sun fi gashin kanka yawa," Tela ya ce wa Mai Jita yanzu, yana ƙoƙarin dariya.

"Gashin nawa ya rage? Ɗora kwalin ka zana."

Mai Jita ya riga ya fitar da siffar marfin a kwali, har da ramukan maganaɗisu. Ana cikin haka tari ya sarƙe shi. Matarsa ta shigo da gudu ta tallafe shi. Tela ya dubi ƙirjin mutumin yana hawa yana sauka, ya dubi rana ta taga. In ya jira, wa zai duba?

Ya kifa robar, fuska mai ƙyalli a ƙasa, yadda ya saba yi wa yadi don kada alli ya ɓata gaba. Ya ɗora kwali ya zana, ya kama yanka, gumi na ɗiga a kan zarto. Ya goge gefe da magagari har ya yi sumul. Da ya juyo ta ya ɗora kan jitar, tsinin marfin mai kama da ƙaho da zai dubi ƙasa sama ya duba. Ramukan duk sun koma ɗaya ɓangaren.

"Kawo in gani," in ji Mai Jita, murya kamar ta sauro.

Tela ya miƙa. Tsohon ya shafa gefen da yatsa.

"Yanka ya yi kyau. Amma ta bahago ka yi, ɗan'uwa. Ka kifa robar, ba ka kifa kwalin ba."

"Don Allah, ba dabara? In liƙa? In kifa ta haka nan?"

"Akwai. Ka ɗauki..." Ya ɗaga hannu wajen tarin katako da gwangwanayen da ke bayan ƙofa. Hannun ya sauko a hankali.

Matar ta kira shi, ta sake kira, sannan ta fara salati.

Da aka dawo daga maƙabarta, Tela ya zauna bakin ƙofar shagonsa da jitar a cinya, ya rufe cikinta da ƙyalle saboda ƙura. Kafin a ɗauki gawa ya birkice tarin nan kaf: guntun falanki, murfin tsohuwar rediyo, tiren shayi. Bai san wanne mamacin ya nuna ba.

Masu gaisuwa suna ta wucewa. Duk dogon da ya ɓullo daga kwanar gareji sai Tela ya ɗago kai. Bai sani ba ko yaron ya ji labarin rasuwar, bai kuma san inda zai kwana yau ba.