Fuskar Irmgard a Jikin Dom

Sati uku ke nan Severin bai ci abinci daga hannun matarsa ba. In ta ajiye masa miyar dankali, sai ya ture kwanon cikin ladabi ya ce, "Na gode, baiwar Allah, amma matata tana hanya, ita za ta dafa mini." Shekara arba'in da shida da aure, yau Irmgard ta zama baiwar Allah a cikin kicin ɗinta. Sai in 'yarsu Birgit ta biyo bayan aiki yake yarda ya kai cokali biyu ko uku baki. Wandonsa har ya fara zamewa daga ƙugu.

Birgit kuwa ta riga ta cike takardun gidan kula da tsofaffi, ranar Litinin za a zo a ɗauke shi.

"Mama, ba mugunta ba ce," in ji ta. "Bai san ki ba, kuma ba ya ci. So kike ya mutu da yunwa a gabanki?"

"In ya gane ni fa? In ya karɓi abinci a hannuna?"

"To, sai in yaga takardun da kaina. Amma Mama, don Allah ki daina wahalar da kanki."

Shi ya sa ranar Juma'a da hantsi ta saka masa kwat, ta naɗe burodi da cuku a takarda ta jefa cikin jaka, ta ɗauko tabaron hangen nesa, suka hau jirgin ƙasa zuwa tsakiyar birnin Kolon. Ta ce masa wajen aiki za ta raka shi, ya biyo ta ba gardama.

Suna fitowa daga tasha ga Dom, babbar majami'ar garin, a kansu, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Shekara talatin da takwas Severin ya yi yana sassaƙa wa wannan majami'a duwatsu, ana cire wanda ya ruɓe ana saka nasa. Masu wannan sana'a suna da wata tsiya: in aka ba su ɗan ƙaramin kai su sassaƙa can sama inda limamai ba sa gani, sai su yi fuskar wanda suka ga dama. Wani ya yi ubangidansa, wani ya yi abokin shan giyarsa. Severin ya yi amaryarsa Irmgard. Ba su taɓa daina faɗa kan hancin ba, don ta rantse ya ƙara masa tsawo da gangan. Duk shekara ranar tunawa da aurensu sukan zo su tsaya ta gefen kudu, ya miƙa mata tabarau ya ce, "Ga ki can, har yanzu kina harara ta." Shekara huɗu rabonsu da zuwa.

Ta ja shi ta cikin baƙi masu ɗaukar hoto, ta ture wani mai jakar goyo ba ta ko ce masa yi haƙuri ba. Ta tsaya daidai inda suka saba, ta ɗaga tabarau, ta ƙirga tagogi. Ta sake ƙirgawa. A gurbin fuskarta wani sabon dutse ne fari fat, an yi masa ganye.

Ta goge gilashin da bakin gyalenta ta sake dubawa, ganyen dai yana nan.

"Baiwar Allah," in ji Severin, "in kin gama kallon tattabarun, ni zan koma gida. Matata za ta neme ni."

Ta riƙe hannunsa da ƙarfi ta shige da shi cikin majami'ar. Ciki da sanyi da duhu, mutane suna ta raɗa, kyandirori suna ci a gefe. Ta tare ɗaya daga cikin masu tsaron wurin masu jajayen riguna.

"Malam, ina kuka kai fuskata?"

Mutumin ya dube ta, ya dubi tsohon. Da ƙyar ta haɗa maganar ta yadda zai fahimta, muryarta na tashi har wasu suka waiwayo.

"Mama, sassauta murya, ana addu'a. Dutsen da aka sauke, masassaƙa ne suka san inda yake. Ki zagaya ta baya, amma ki yi sauri, yau Juma'a ce, da wuri suke tashi."

Sauri da tsohon da bai ci abin kirki ba sati uku! Sau biyu ya tsaya ya dafa bango yana haki, sau ɗaya ya fizge hannunsa ya ce zai kira 'yan sanda. Ta roƙe shi, ta yi masa ƙarya, ta ce ubangidansa ne ke kira. Tsoro ya cika ta, ga haushin kanta da ta bari shekara huɗu suka wuce ba su zo ba.

Sun isa ƙofar farfajiyar masassaƙa wata mata ƙaƙƙarfa, kanta duk farar ƙura, tana jan ƙyaure za ta kulle.

"An tashi, Mama. Sai Litinin."

"Ba ni da Litinin," in ji Irmgard, ta cusa ƙafarta a bakin ƙofar. "Ki karya ta in kina so."

Matar ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai idonta ya faɗa kan tsohon. "Kai! Baba Severin? Ni ce Silke. Kai ka koya mini riƙe guduma, ka ce ina riƙe ta kamar ludayi."

"Har yanzu haka kike riƙe ta?" in ji shi. Irmgard ta ji abin ya soke ta. Ya tuna guduma, ita bai tuna ta ba.

Silke ta saurari bayanin ba ta katse ta ba, sannan ta shigar da su can ƙarshen farfajiya, ƙarƙashin wata rumfa inda aka jera tsofaffin duwatsu a kan katako, kowanne da lamba. Ta yi ta dubawa, Irmgard na binta a baya tana addu'a a zuci.

"Ga shi nan. Bara waccan aka sauke shi. Amma Mama, in gaya miki gaskiya, ruwa ya ci shi sosai."

Ruwa kam ya ci shi. Babu hancin da aka yi ta faɗa a kansa, babu leɓe, ido ɗaya ya zama rami. Ita kanta ba ta gane kanta ba, balle mai ciwon mantuwa. Ta zauna a kan wani dutse ta fashe da kuka, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Severin bai ko dube ta ba. Ya durƙusa, ya shafa gefen dutsen har yatsansa ya sami 'yar alamar da yake sa wa aikinsa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, Silke ta ɗora masa ƙaramar guduma. Ya ƙwanƙwasa a hankali, ya kara kunne.

"Ya mutu," in ji shi. "Ba ya amsawa. Sai an yi sabo."

"Za mu yi, Baba. Daga wannan za mu kwafa."

"Daga wannan? Ba ki da hankali? Me ya rage da za ki kwafa?"

Ya miƙe yana dube-dube cikin fushi, kamar wanda aka ɓatar wa da kayan aiki. Idonsa ya tsaya a kan matar da ke kuka. Ya matso, ya kama haɓarta ya juya ta wajen haske, yadda ake juya dutse. Ya ɗora babban yatsa a kan girarta, ya gangaro da shi bisa karan hanci, ya auna daga kunne zuwa haɓa da tazarar yatsu. Ta tsaya cak.

"Kawo mini fensir da takarda," ya ce wa Silke. Sannan ya tsuke fuska. "Haba Irmgard, zauna wuri ɗaya mana. Kullum sai kin motsa, daga baya ki ce na ƙara miki hanci."

Hawaye na gangarowa cikin wuyan rigarta, ba ta share ba. Ba ta san ko abin zai kai Litinin ba, ko ma ya kai yamma. Ya zauna a gabanta yana zane, ƙararrawa ta buga a can sama.

"Sha biyu ta yi," in ji shi, idonsa a kan takarda. "Ina burodina?"

Ta zura hannu cikin jaka a hankali, ba ta motsa kanta ba, ta miƙa masa. Ya karɓa ya gatsa, ya tauna, ya ce cukun ya yi kaɗan.