Shinkafar Kawu a Cikin Magudana

Gidan Mudassiru ne na ƙarshe a gangaren ƙauyen, daf da babbar magudanar da aka haƙa tun zuwan noman rani yankin Bunkure, don ta riƙa kwashe rarar ruwa zuwa kogi. A da ta yi aikinta. Yanzu kuwa gona ce. Kawu Alamin, yayan mahaifiyar Mudassiru, ya lura cikinta laka ce mai taushi da ba ta neman taki, sai ya tare ta da kunyoyi, ya dasa shinkafa daga gaɓa zuwa gaɓa, daidai bayan ɗakin Rauda, matar Mudassiru.

Da rediyo ta fara gargaɗin mazauna kwari cewa ruwan bana zai fi na bara, Mudassiru ya je ya durƙusa ya gaida Kawu. Sai da ya zagaya ta lafiyar shanu da ciwon ƙafar tsohon kafin ya iso kan batun tasa katangar, wadda bara ta sha ruwa har gwiwa. Kawu ya saurare shi da kyau. Ya ce ruwa na Allah ne, magudana ta gwamnati ce, shinkafa kuma ta kusa nuna.

Sai Mudassiru ya nemi hanyar da ba za a ce shi ya taɓa kayan kawunsa ba: ya kira gayyar yashe magudana. Rauda ta dama kunu, ta turara dambu. Maza suka fito da shebur da lauje, suka ci suka ƙoshi, suka yi wa mai gida addu'a, sannan suka jeru a bakin gaɓa.

Shinkafar ta yi ciki. Kore shar, kai ɗaya, irin wadda mutum kan tsayar da babur ya kalla. Duk wanda ke wurin manomin shinkafa ne, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa sa lauje a shinkafa mai ciki. Wani ya tuna laujensa ba kaifi. Wani ya shiga gyaran ƙotar shebur. Dattijo, shugaban ƙungiyar masu ban ruwa, ya yanke hukunci cewa mai gayya shi ke farawa; ya tuge tushe ɗaya kawai, su bi bayansa.

Mudassiru ya naɗe wando ya sauka, ya kama tushe. Kawu na zaune a kan gaɓa da lemarsa, bai hana ba.

"Ja mana, ɗan Hawwa'u," in ji shi. "Dama buhun farko na uwarka ne."

Mudassiru ya daɗe a sunkuye. Daga baya ya saki, ya ɗauraye hannu, ya fito.

To amma an ci dambun mutane, ba a komawa gida da busasshiyar riga. Dattijo ya ce a hau sama a faɗa wa ciyawar kacalla da ta cushe magudanar daga kwalbati zuwa nan, tunda ita ba kawun kowa ba ce. Aka yi aiki na gaskiya, har da waƙa. Kafin la'asar wajen ya koma fes kamar ranar da aka haƙa shi. Dattijo ya ɗauki hotuna a waya don ƙungiya.

Sai da aka watse Mudassiru ya tsaya ya dubi aikin tun daga sama. Kacallar nan ita ke riƙe ruwa, ta sako shi kaɗan-kaɗan. Yanzu an share masa hanya ɗoɗar har kunyoyin Kawu, daga nan kuma ba shi da inda zai karkata sai ɗakin Rauda. Da kuɗin cefanensa da guminsa aka yi.

Bai yi faɗa ba, don bai ga wanda zai yi da shi ba. Ya ce wa Rauda ta haɗa kaya, za su koma firamaren kan tudu inda suke fakewa duk shekara, bana dai da wuri, sai su sami aji mai rufi. Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Ya kwashe gado da tukwane a amalanke, sannan ya dawo ya cire ƙyauren ɗakin, tunda laka ko ta faɗi a nan za a same ta, ƙyaure kuwa tafiya yake yi.

Ya wuce Kawu a bakin gaɓa, yana duba kunyoyinsa.

"Gayyar nan ta yi albarka, ɗan nan. Yanzu ruwa zai iso mana sosai."

"Zai iso, Kawu," in ji Mudassiru. Ya gyara zaman ƙyauren a kansa, ya kama hawa tudu.