Ciwon Fanka

Tauraro ya kunna fankar, ya kasa kunne. Iska kawai take hurawa, ko ƙis ba ta yi.

Shekara uku ke nan yana naɗar waƙoƙinsa a ɗakin ajiyar kaya, tsofaffin katifu jingine a bango, makirufo ɗaure a sandar goge-goge. Maƙwabta ne suka laƙaba masa Tauraro da zolaya, don ba mai sauraronsa sai su, su ma dole ce ta sa. Wata rana zafi ya ishe shi, ya yi waƙa fanka na kunne, tana ta ƙiƙi-ƙaƙa a bayan muryarsa. Gajiya ta sa ya ɗora ta a intanet a haka. Mutum dubu arba'in suka saurara, suna cewa ƙarar tana tuna musu gidan kakanninsu. Yanzu wani mai kamfanin waƙa yana jiran sabuwa kafin ƙarfe biyar, kuma ya ce lallai da wannan sautin.

"Wa ya taɓa fankar nan?"

Matarsa ta leƙo tana murmushi. "Ni na kai ta gyara. Ba kullum kana tsine mata ba? Na ce yau babbar rana ce, kar ta ba ka kunya."

Ya saɓi fankar, sai shagon tsohon da ya gyara ta, ya roƙe shi ya dawo mata da ƙararta.

"Malam, shekara talatin ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa cewa in ɓata masa kaya," in ji tsohon. "Mutuncina fa?"

"Don Allah, Baba, ka mayar mata da ciwonta."

Tsohon ya daɗe yana ƙare masa kallo. Sannan ya tona kwandon shara, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai tsatsa, ya mayar da shi cikin fankar.

"Kar dai ka ce a nan aka yi."

Huɗu da rabi ya tura waƙar. Bai taɓa rera wata da zuciya ɗaya kamarta ba, har da ƙwalla. Amsa ta iso nan take: "Ta yi daɗi ƙwarai. Amma ka rage muryarka, tana danne fankar."

Ya karanta sau biyu. Ya matsar da makirufo gaban fankar, shi kuma ya ja kujerarsa baya.