Ƙofar Gaba

Tun a mota gaban tsoho Wincenty ke faɗuwa. Gidan attajirin ƙauyensu, inda uwarsa ta yi wankau kafin yaƙi, ya zama gidan tsofaffi, kuma nan 'yarsa Halina ta kawo shi zama.

Yana sauka ya nufi ƙofar kicin.

"Baba, ina za ka? Ga ƙofa nan!"

"Rufa mini asiri, Halina. A kan matakalar nan aka zane ni ina yaro."

Da ƙyar ta ja shi ciki. Wata nas ta tarye su da fara'a. Ya cire hula, ya rage murya.

"'Yar nan, maigida ya san ta nan na shigo?"